Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga malaman kwamfuta na zangunan Accra: kada yaranmu su saba da kashe CFI

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga malamaina masu koyar da shirin kwamfuta a Nima da Mamobi da Sabon Zango da Fadama da Madina, da iyayen gidana manyan masu gyaran waya na Circle, wato shataletalen Kwame Nkrumah, waɗanda yara ke zama a gabansu suna koyon sana'a. Ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da ɗawainiyar 'ya'yan mutane. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa hannuwanku albarka.

Ni ɗanku ne. A hannun irinku na fara sanin harshen C, yau kuma abincina yana cikin rubuta direbobin kanel ɗin Linux na ƙananan na'urori. Kanel shi ne zuciyar tsarin da ke tafiyar da na'ura, direba kuma ɗan shirin da ke haɗa kanel da wani ɓangaren na'urar. Abin da ya sa na rubuto muku a fili shi ne wata ɗabi'a da nake gani tana yaɗuwa a tsakanin yaranmu mafiya hazaƙa, waɗanda suka wuce gina shafin intanet suka fara taɓa kanel: mai haɗa wa tsohuwar waya sabon Android, mai ɗora direban 'yar na'urar Wi-Fi a kan allon gwaji, mai haɗa akwatin raba intanet na layinsu. Yaro ya gina kanel, ya kunna, na'ura ta ɗan yi tafiya sai ta tsaya cik, a saƙonninta na ƙarshe ya ga an rubuta CFI failure, wato wata kariyar kanel mai suna CFI ta kama kiran da bai dace ba. Daga nan sai ya shiga saitin gini ya kashe CONFIG_CFI_CLANG gaba ɗaya. Wanda ya fi shi wayewa ya liƙa __nocfi, alamar da ke cire binciken, a kan fankshin ɗin (guntun shirin) da ya yi kiran. Wani kuma ya kunna CONFIG_CFI_PERMISSIVE, saitin da ke sa kanel ya yi gargaɗi kawai ya wuce, ya bar shi a haka har na'urar ta isa hannun mai ita. Na'ura ta tashi, a dafa masa kafaɗa a ce ya yi ƙoƙari.

Malamai, ina roƙonku da girman Allah, a daina yaba wannan. Duk wanda ya tashi a gidan haya a zango ya san abin da ake yi idan fis ya ƙone kuma babu kuɗin sabo: a samo siririyar waya a ɗaure wurin, wuta ta dawo, kowa ya yi murna. Abin da ya ƙona fis ɗin yana nan cikin bango, kuma yanzu babu sauran abin da zai tsaya tsakaninsa da gidan. Kashe CFI don na'ura ta tashi daidai yake da wannan.

Bari in faɗi dalili, don na san ba za ku karɓi magana ba sai da hujja.

Kanel cike yake da manunan fankshin, wato guraben memori da ke riƙe adireshin fankshin ɗin da za a kira. Idan manhaja ta nemi karanta fayil, kanel ba ya kiran wani fankshin da sunansa kai tsaye, yana duba file_operations ne ya ɗauko adireshin da direba ya ajiye a gurbin karatu, ya yi tsalle zuwa can. Haka net_device_ops na katin sadarwa, haka agogon kanel, haka layukan aiki, haka kusan duk wurin da babban tsari ke haɗuwa da direba. Mahari ya san wannan sarai. Tun da aka hana gudanar da kod daga wuraren memori da ake iya rubutu a kansu, aka kuma hana kanel gudanar da kod ɗin manhajar mai amfani, dasa sabon kod ya yi wa mahari wuya. Sai ya koma ga abin da ke nan a ciki. Ya nemi wata ɓaraka, ko rubutu da ya zarce iyakar wurinsa, ko amfani da memori bayan an sake shi, ya sauya adireshin da ke cikin manuni, sannan ya jira kanel ya kira da kansa, da cikakken ikonsa. Ta wannan ƙofa aka sha ƙwace waya daga hannun mai ita ba tare da ya sani ba.

Maganin da ake kira CFI, wato tabbatar da cewa shiri bai kauce hanyar da aka shata masa ba, Martín Abadi da Mihai Budiu da Úlfar Erlingsson da Jay Ligatti ne suka shimfiɗa shi a rubuce a 2005. Google ya fara sa shi a kanel ɗin wayar Pixel 3 a 2018. A 2021 aikin Sami Tolvanen ya shiga babban Linux, siga ta 5.13, ga na'urorin arm64 kawai, kuma a lokacin sai an haɗa shi da LTO, ginin da ke cin memori da lokaci. Wancan tsarin na farko yana bi ta teburan tsalle ne, har adireshin fankshin ya kan zama biyu, abin da ya wahalar da masu kula da kanel ƙwarai. A siga ta 6.1, ƙarshen 2022, aka maye gurbinsa da KCFI, wanda ke buƙatar Clang 16 (Clang kwamfaila ce, manhajar da ke juya kod zuwa harshen inji), ba ya buƙatar LTO, kuma ya zo da tallafin x86_64. A 6.2 aka ƙara FineIBT, mai haɗa wannan da kariyar da ke cikin sababbin kwakwalen Intel.

Kada wani ya ce wannan labarin Amurka ne. Tun daga Android 12, wayar 64-bit da ta fito da kanel 5.10 ko sama tana tafiya ne a kan kanel ɗin bai-ɗaya na Google da ake kira GKI, kuma CFI a kunne yake a cikinsa. Ke nan wayoyin da ke jere a gilashin shagunan Tip Toe Lane da ke Circle, da yawansu suna yin wannan bincike a kowane daƙiƙa. A cikin waɗannan wayoyi kuma kuɗin mutanenmu yake. Tun da MoMo, ajiya da tura kuɗi ta waya, ya shigo a 2009, jarin mai sayar da waakye a bakin titin Nima da kuɗin makarantar da ɗan'uwa ya turo daga Jamus duk sun koma cikin waya. Yaron da ya ɗora wa Hajiya kanel ɗin da aka cire wa kariya, bai san abin da ya ɗauke mata ba, ita ma ba ta sani ba.

Yadda KCFI ke aiki ba shi da sarƙaƙiya, ɗalibin da ya fahimci manuni zai gane shi a zama ɗaya. Lokacin gini, kwamfaila tana duba siffar kowane fankshin, wato nau'in abin da yake mayarwa da nau'in abubuwan da yake karɓa bi da bi, ta fitar da wani hatimi na bit 32 daga wannan siffa, ta ajiye shi dab da farkon fankshin ɗin. A duk wurin da za a yi kira ta manuni kuma, tana saka 'yan umarni kafin tsallen: a karanto hatimin da ke gaban wurin da za a je, a gwada shi da hatimin da siffar manunin ta nuna. In sun yi daidai a wuce. In sun saɓa, sai umarnin tarko ya tashi, ud2 a x86, brk a arm64. Kanel ya kashe aikin da ke gudana, in kuma a cikin katsewa abin ya faru ko an saita panic_on_oops, kamar yadda Android ke yi, na'urar gaba ɗaya ta faɗi ta sake tashi.

A nan ne matsalarmu take. Binciken bai san niyya ba, siffa kaɗai yake dubawa. Mahari da ya karkatar da manuni da marubucin direba da ya yi sakaci da nau'i, duk hukuncinsu ɗaya. Kuma marubutan C sun shafe shekaru suna wannan sakaci, domin injin yana yafewa. A arm64 ko x86_64, manuni adireshi ne a cikin rajista, ko na struct clk ne ko na void, girmansu ɗaya, wurinsu ɗaya. Saboda haka kiran yana tafiya lafiya, kowa ya ɗauka halal ne. Alhali ƙa'idar harshen C, a sashe na 6.3.2.3, ta faɗa ƙarara: an yarda ka juya manunin fankshin zuwa wani nau'i ka dawo da shi, amma in ka yi kira ta nau'in da bai dace da fankshin ɗin ba, sakamakon ba shi da tabbas, kwamfaila ba ta ɗauki alkawarin komai ba. CFI bai ƙirƙiro sabuwar doka ba. Tsohuwar ce aka fara aiwatarwa.

Wannan ne ya sa nake ganin gyaran yana hannunku fiye da hannun kowa. A aji ne yaro ke fara koyon cewa idan kwamfaila ta yi ƙorafi a kan nau'i, sai a sa kast, wato a tilasta juya nau'in, a rufe mata baki. Da wannan darasi yake girma. Ranar da ya isa kanel, hannunsa ya riga ya saba.

Ga irin wuraren da abin ya fi kama mutane, na kawo su don ku samu abin ɗorawa a allo.

Wanda ya fi yawa a direbobin ƙananan alluna shi ne na devm_add_action_or_reset. Wannan fankshin yana karɓar wani fankshin na share fage da zai kira idan direba zai sauka, kuma yana sa ran mai karɓar manunin void ne. Marubuci yana so a kashe agogon na'ura a lokacin, ga clk_disable_unprepare a shirye, sai dai shi manunin struct clk yake karɓa. Sai ya yi masa kast ya tura. Kwamfaila ta yi shiru, direba ya hau, komai na aiki. Tarkon ba zai tashi ba sai ranar da aka sauke direban, ko hawansa ya gaza a tsakiya. Gyaran layi huɗu ne: ka rubuta ɗan ƙaramin fankshin na tsakani mai karɓar manunin void, a cikinsa ka kira clk_disable_unprepare kai tsaye, sannan ka miƙa ɗan tsakanin. Kira na kai tsaye ba a bincikensa, kuma juya manunin void zuwa manunin bayanai halal ne a C. Daga siga ta 6.0 ma akwai devm_clk_get_enabled da ke ɗauke maka wahalar baki ɗaya. Irin wannan kuskure har a tsarin fayil na ext4 an same shi, inda aka yi wa kfree kast aka sa shi a gurbin sakin kobject, Kees Cook ya gyara da ɗan tsakani. In ya faru a tsarin fayil da duniya ke kai, ba abin kunya ba ne ya faru a direban ɗalibi. Abin kunyar shi ne a gani a rufe.

Na biyu ya fi ɓoyuwa, domin babu kast a cikinsa ko ɗaya. Gurbin ndo_start_xmit, wanda ke tura fakiti a katin sadarwa, an ayyana shi yana mayar da netdev_tx_t, wanda enum ne, wato nau'in jerin lambobi masu suna. Direbobi masu yawa sun rubuta nasu yana mayar da int. A dokar C wannan enum ɗin ya dace da int, shi ya sa kwamfaila ko tari ba ta yi. Amma wajen fitar da hatimi, enum mai suna daban yake da int. Fakitin farko da aka tura, na'ura ta faɗi. A 2022 Nathan Huckleberry da Nathan Chancellor sun bi direbobi da dama suna gyara wannan, da ɗan'uwansa na ɓangaren allon nuni, mode_valid, wanda ya kamata ya mayar da enum drm_mode_status. Sauyin kalma ɗaya ne a kan layin farko na fankshin. Sai dai ina so ku lura da abin da yake jawowa: da zarar ka rubuta netdev_tx_t, dole ka tambayi kanka me kake mayarwa. Amsoshin da aka tanada su ne NETDEV_TX_OK da NETDEV_TX_BUSY. Direban da ke mayar da lambar kuskure ba tare da ya saki fakitin ba yana zubar da memori, domin babban tsarin sadarwa yana ɗauka direba ya riga ya karɓe shi. Gyaran nau'i yakan tono wani kuskuren da ya daɗe a kwance.

Sai na sysfs, fayilolin da kanel ke nuna bayanan na'urori ta cikinsu, inda ake rikita device_attribute da kobj_attribute. Fankshin ɗin nuni na ɗayan yana karɓar struct device, na ɗayan struct kobject. Tunda a kanel na yanzu kobject ne farkon abin da ke cikin struct device, adireshinsu ɗaya, sai rikicin ya yi ta aiki shekara da shekaru. Da CFI a kunne, karanta fayil ɗin kawai ya isa ya kayar da na'ura, kuma yawancin fayilolin nan kowane mai amfani yana iya karanta su. Sauran ƙanana ne amma suna cizo: int a gurbin ssize_t, unsigned long a gurbin u64 duk da girmansu ɗaya a injin 64-bit, manta const a kan abin da manuni ke nunawa. Sunan da ka ba siga ba ya shiga hatimi, typedef ma ba ya sauya komai, asalin nau'in ake kallo.

Akwai wani tarihi da nake so kowane ɗalibi ya ji, domin yana nuna yadda manya ke tunkarar irin wannan. Da can, agogon kanel yana kiran fankshin ɗinka ne ya miƙa masa unsigned long, kai kuma ka juya shi zuwa manunin da kake so. Wannan lamba tana zaune ne a cikin struct timer_list kusa da manunin fankshin ɗin. Ma'ana maharin da ya samu damar rubutu a wurin ya samu biyu a lokaci guda, fankshin ɗin da za a kira da abin da za a ba shi. Ga shi kuma fankshin masu karɓar unsigned long ɗaya suna da yawa a kanel, hatiminsu duka ɗaya zai zama. Kees Cook da abokan aikinsa ba su nemi hanyar kewaye ba. Sun kawo timer_setup, suka sauya siffar ta koma karɓar manunin struct timer_list, suka bi kanel ɗin gaba ɗaya direba bayan direba, aikin ya kammala a 4.15, farkon 2018. Haka aka yi wa tasklet, hanyar jinkirta ɗan aiki a kanel, a 5.9 da tasklet_setup. Haka Sami Tolvanen ya yi wa list_sort a 5.13: maimakon ya bar kast ɗin da ke ciki, ya bi duk masu amfani da shi ya sa musu const. Direban da yaronku ya sauko da shi daga intanet, wanda kamfaninsa ya rubuta don tsohon kanel ya watsar, sau da yawa a nan yake karyewa: wani ya lallaɓa shi da kast don ya ginu a kan sabon kanel, ya tura wa duniya.

Na ga irin wannan da idona a kan wata 'yar na'urar Wi-Fi da ake sayarwa da arha a kasuwa. Saurayin da ya kawo mini ita yaro ne mai ƙwazo, ya yi ta fama har ya gano cewa kashe CFI yana tayar da ita, ya zo yana murna. Muka zauna muka karanta saƙon tare, abin da bai taɓa yi ba, domin ba wanda ya taɓa ce masa saƙon yana da ma'ana. Fankshin ɗin tura fakiti ne mai mayar da int. Kalma ɗaya ya sauya.

Saƙon kuwa yana faɗin abu uku: wurin da aka yi kiran, wurin da aka nufa, da hatimin da aka sa rai. Na tsakiyan ne ya fi muhimmanci. Idan wurin da aka nufa sunan fankshin ne da ka sani, kuma a farkonsa aka sauka, wato ka ga +0x0 bayan sunan, to kusan tabbas saɓanin nau'i ne, ka buɗe ayyanawar gurbin da ta fankshin ɗin ka jera su ka duba harafi da harafi. Idan fankshin ɗin da harshen inji aka rubuta shi, kamar na ɓoye bayanai, wataƙila ba shi da hatimi ne sam, maganinsa a buɗe shi da SYM_TYPED_FUNC_START a kuma ayyana siffarsa a C. Amma idan adireshin ba shi da suna, ko ya faɗa tsakiyar wani fankshin, to ba nau'i ba ne, memori ne ya lalace ko wani ke taɓa shi. Wannan shi ne ainihin abin da aka gina CFI don ya kama. Yaron da ya saba kashewa ba tare da karantawa ba, ranar da wannan ya zo masa ma kashewa zai yi. Ga iyayen gidana na Circle: wayar da ke sake tashi da kanta bayan an ɗora mata wani kanel ko direba, saƙonta na ƙarshe yakan tsira a pstore, a fayil ɗin console-ramoops. A duba can kafin a yanke hukuncin cewa babban allon cikin wayar ne ya mutu.

Ban ce __nocfi haramun ba ne. Yana da wurinsa, inda kanel zai yi tsalle zuwa kod ɗin da kwamfailarsa ba ta gina ba, wanda ba yadda za a yi ya samu hatimi. Sai dai a sani, ba fankshin ɗin da ake kira yake wankewa ba, yana cire bincike ne daga duk kiran manuni da ke cikin fankshin ɗin da aka liƙa masa. Ka sa shi a kan fankshin ɗin da ke kiran direbobi ɗari don ka rufe laifin direba ɗaya, ka buɗe ƙofa ga sauran casa'in da tara. CONFIG_CFI_PERMISSIVE ma kayan aiki ne mai kyau a ɗakin gwaji, domin yana ba ka damar tattara duk saɓanin a zama ɗaya maimakon na'ura ta faɗi a kan na farko. Bayanin da ke tare da shi a saitin kanel ya faɗa cewa na lokacin gini da gwaji ne kawai. Kanel ɗin da ke gargaɗi sannan ya ci gaba da tsallen, bai kare kowa ba.

Na san abin da wasunku za su ce, kuma ba raini a cikinsa. Mai waya yana tsaye a bakin shago, wuta na iya ɗaukewa, yaro ba shi da daren da zai ɓata a kan direban da ba shi ya rubuta ba. Gaskiya ne. Amsata ita ce yawancin waɗannan gyare-gyare sun fi sake gina kanel sauri, in dai an iya karanta saƙon, kuma iya karatun nan darasin yini ɗaya ne. Wani zai ce CFI ma ai ba ya hana komai da komai. Wannan ma gaskiya ne, kuma ya kamata a faɗa wa ɗalibai. Kiran manuni kawai yake tsarewa, dawowa daga fankshin aikin wata kariyar ce, kamar Shadow Call Stack da ya shiga arm64 a 5.8. Kuma mahari yana iya karkatar da kira zuwa wani fankshin mai siffa iri ɗaya. To amma wannan hujja ce a kan sakaci da nau'i. Duk lokacin da marubuci ya mayar da komai manunin void don sauƙi, yana faɗaɗa taron fankshin masu hatimi ɗaya, yana ƙara wa mahari zaɓi. Ƙarfin kariyar yana tafiya ne da tsantsenin masu rubutu.

Abin da nake nema a wurinku ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Kwamfutar aji ɗaya mai Clang da QEMU, manhajar da ke kwaikwayon na'ura, ta isa. A gina kanel da make LLVM=1, a kunna CFI da LKDTM, sashen da ke kayar da kanel da gangan don gwaji, a sa ɗalibi ya rubuta CFI_FORWARD_PROTO a cikin fayil ɗin DIRECT da ke ƙarƙashin provoke-crash a debugfs, ya ga tarkon ya tashi da idonsa, ya karanta saƙon da babbar murya. Bayan haka a ba shi ɗan direba mai kuskuren nau'i a ɓoye, sharaɗin cin jarrabawa shi ne ya gyara ba tare da ya taɓa saitin gini ba. A koya masa cewa tunda binciken sai an bi ta layin yake tashi, na'ura ta kunnu ba shaida ba ce: a sauke direba a sake ɗorawa, a kwantar da na'ura a tashe ta, a karanta kowane fayil na sysfs, a zare na'urar tana cikin aiki. A kuma nuna masa yadda zai sa kwamfaila ta kama laifin tun kafin a kunna, ta hanyar ƙara -Wcast-function-type-strict da -Wincompatible-function-pointer-types-strict a KCFLAGS. Dukansu sun zo da Clang 16, na biyun shi ne ke kama rikicin enum da int. Tun a darasin C na farko kuma, duk kast da ɗalibi ya sa a kan manunin fankshin, a tsayar da shi a tambaye shi dalili, in ba shi da shi a rage masa maki.

Kuɗin data yana hana yaranmu da yawa sauko da tushen kanel. In kowace cibiya za ta ajiye kwafi ɗaya a kwamfutarta tana sabunta shi, ɗalibai su kwasa ta filashi, an cire musu wannan shinge.

Sannan idan yaro ya gano saɓanin a cikin direban da ke babban Linux, kada gyaran ya mutu a kwamfutarsa. A tushen kanel akwai checkpatch.pl da zai duba masa tsarin facinsa, wato rubutaccen gyaran da zai aika, akwai get_maintainer.pl da zai faɗa masa wanda ke kula da wannan fayil. Ya rubuta abin da ya gani, ya liƙa saƙon faɗuwar, ya bayyana siffar da ake sa rai da wadda aka samu, ya sa hannu da sunansa na gaskiya ya aika. Irin wannan faci ƙarami ne, hujjarsa a fili take, kuma yana daga cikin mafi sauƙin ƙofofin da sabon hannu ke shiga aikin kanel ta cikinsu. Sashen drivers/staging wuri ne mai kyau na fara dubawa. Ku taimaka masa da Turancin wasiƙar in ya buƙata, ku kuma ƙarfafa masa gwiwa idan aka dawo masa da ita a ce ya sake, domin dawo da faci al'ada ce a can, har manyansu ana yi wa.

Duk cibiyar da ke son a zauna a tsara wannan darasi, a shirye nake in zo ranar Asabar bayan la'asar, da kwamfutata da direbobin gwajin da na tanada. Ku aiko ta hannun ɗalibanku da suka san ni.

Wassalamu alaikum.

Ɗanku kuma ɗalibinku,
daga Nima, Accra